Jiragen Ruwa Biyu a Apapa

Maigidana akawu ne a ofishin kaya na reluwe a Kafanchan, ni kuwa ina koyar da aji biyar a makarantar mishan. A kwatas ɗin reluwe muke zaune, ɗaki biyu da falo, da wata bishiyar mangwaro da ta tsaya a kan iyaka tsakaninmu da maƙwabta, kowa yana cewa tasa ce sai ranar sharar ganye. Farkon shekarun saba'in ne, ba a daɗe da gama yaƙi ba. Waɗanda suka gudu suna ta dawowa, ana buɗe shagunan da suka daɗe a kulle, jirage kuma sun koma kuka a kan lokacinsu. 'Ya'yanmu uku a lokacin, autar ba ta jima da fara tafiya ba.

A shekarar ne aka tura shi kwas a Legas. Da ya dawo ya kawo tsarabar da kowa ke kawowa, burodi da kwakwa da busasshen kifi, da takalman yara waɗanda ba su yi wa kowa daidai ba. Amma na lura bakinsa ya ƙi zama. Mutum ne marar yawan magana, yana iya cin tuwo ya tashi bai ce komai ba sai "an gode Allah", ga shi ranar tun bai cire takalmi ba ya fara.

"Maman yara, na ga gida yana tafiya a kan ruwa," in ji shi. "Bene a kan bene, fari fat. Da za a kawo shi nan a ajiye, daga ofishinmu sai ya kai loko, inda ake gyaran kawunan jirgi."

Ashe wata Asabar da ba su da aji abokan kwas ɗinsa suka kai shi Apapa, tashar jiragen ruwa. Ya tsaya ya ga ana sauke buhuna daga tarago, ƙugiya tana ɗaga su sama tana zura su a cikin jirgi. Shekara da shekaru aikinsa ke nan, rubuta citta da gyaɗa da auduga masu tafiya bakin teku, bai taɓa ganin inda suke ƙarewa ba sai ranar. Daga nan ya hango wani jirgin fasinja yana shirin tashi, na sama suna ɗaga hannu, na ƙasa suna ɗaga musu. Ya ce a nan abin ya shiga ransa.

"Mu ma mu je," ya ce.

"Mu je ina?"

"Ko'ina. Mu shiga, ya kai mu, mu ga ƙasashe, mu dawo."

Na yi dariya har na zauna a kan turmi. A wajenmu ba a tafiya haka kawai. Ana zuwa gaisuwar mutuwa, ko biki, ko karatu, ko fatauci. Hutu kuwa ma'anarsa ka koma ƙauye ka kama fartanya. Amma shi da gaske yake. Duk tsawon yaƙi ba a bar ma'aikatan ofishinsu sun ɗauki hutu ba, nasa ya taru, kuma ba ya shan burkutu ba ya caca, yana da ɗan abin da ya ajiye. Ni ma dariyar ba ta kai zuci ba. Kowace shekara ina tsayawa gaban taswira ina nuna wa yara shuɗin wuri da sanda ina cewa wannan teku ne, alhali ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne mai zubowa daga dutse a Matsirga, kusa da garinmu, in damina ta yi ƙarfi.

Ya buɗe akwati ya fito da wasu takardu masu hotuna da ya karɓo a ofishin sayar da tikiti. Cikin duk abin da ke ciki, jirage biyu ne suka shafe mu. Na farko shi ne farin nan da ya gani, babban jirgin fasinja mai zuwa Ingila. Yana tsayawa a Gana da Saliyo da wasu tsibirai na Sifaniyawa, kuma ana iya sauka a tsibiran a huta a jira shi ya juyo. Hoton ya nuna ɗakin cin abinci cike da fitilu, da makaɗa, da wurin iyo, da Turawa kwance a kan kujerun zane suna shan iska. Na biyun ko hoto mai launi ba a yi masa ba. Jirgin dakon kaya ne mai ɗaukar fasinja goma sha biyu kacal. Yana bin gaɓar teku tasha-tasha har Dakar, ya sauke ya ɗauka, sannan ya juyo Legas.

Maigida bai ko kalli na biyun sau biyu ba. A makon nan ya tafi wurin tela ya ba da ɗinkin baƙar kwat, don takardar ta ce a farin jirgi ba a zama cin abincin yamma sai da kwat.

Maƙwabcinmu, wanda muke raba mangwaro da shi, mutumin Gabas ne, makanike a loko. Ya tafi da iyalinsa lokacin rikici ya dawo bayan yaƙi, ya iske kujerunsa da keken ɗinkin matarsa a falonmu inda muka ajiye musu. Kafin ya shiga reluwe ya taɓa aiki a ɗakin injin jirgin ruwa, don haka da labari ya kai masa sai ya jawo kujera ƙarƙashin bishiyar da yamma ya ce a kawo takardun ya gani. Hausarsa irin ta tasha ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Oga akawu, jirgi ba riga ba ne, ba a zaɓa shi don yana da kyau," ya ce. "Na ɗaya, kar ka tafi da damina, ruwa yana fushi. Na biyu, ka nemi ɗaki a tsakiya. Gaba yana rawa, baya yana rawa, tsakiya yana zaune kamar tsohon mutum. Kuma kar ka yarda da ɗaki kusa da inji, ni na sani, na kwana a wurin."

"To wanne ya fi cikin biyun?" na tambaye shi.

"Madam, babba yana riƙe lokaci, ba ya girgiza sosai. Amma in ya tsaya a gari, kafin ki sayi ayaba ya busa. Ƙarami ba shi da agogo, kaya ne oga nashi. Zai iya kwana uku a wuri ɗaya, ki ga gari har ki gaji."

Matarsa, wadda ke tuyar ƙosai a bakin tasha, ta leƙo daga kicin ta ce, "Kar ku ji shi duka. Shekara biyu ya yi a ruwa, amma labarinsa ya kai na shekara ashirin."

Haka muka yi ta yi har bazara ta kusa. Maigida yana tare da farin, ni ban tsaya ko'ina ba, maƙwabci kuwa yau yana yabon wannan gobe wancan, gwargwadon labarin da ya tuna.

Sai magana ta kai kunnen surukata. A Fadan Kagoma take zaune, gwauruwa ce mai ƙarfi, tana noma cittarta da accarta da kanta, kuma maigidana shi ne ɗanta namiji tilo. Wata ranar kasuwa ta sauko daga mota da ƙullin acca a kai, ta shigo gida, ta sha ruwa, ta ƙi zama. Da harshensu ta fara yi wa ɗanta faɗa, da ta ga ba na kama komai sosai, don ni daga wajen Manchok nake, sai ta juya zuwa Hausa domin in samu rabona.

"An ce za ku shiga ruwa. Me kuka ajiye a ruwa? Wa ya mutu a can?"

"Mama, ba wanda ya mutu. Hutu ne," in ji ɗanta.

"Hutu a kan ruwa? Ruwa ba shi da reshe. In ka faɗi me za ka kama?"

Ta kawo maganar annabin nan da kifi ya haɗiye. Ɗanta ya ce ai shi gudun aikin Ubangiji yake yi, mu kuwa da izinin ofis za mu tafi. Ba ta yi dariya ba. Washegari Lahadi, bayan sujada, ta tare fasto a ƙofar majami'a ta kai ƙararmu. Fasto dattijo ne mai haƙuri. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce mata teku ma na Ubangiji ne kamar yadda gonarta take tasa, kuma shi da kansa da zai samu dama da ya je ya gani. Muka dawo gida. Da yamma tana tsinkar wa autarmu kifi ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ban hana ba. Amma sai na ga jirgin da idona."

Maigida ya ɗauka ta faɗa ne don ta kashe maganar, tunda ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba. Ni na san ta fi haka. Ma'aikacin reluwe yana da fas na tafiya kyauta shi da iyalinsa, don haka da hutun Ista ya zo muka bar yara wurin ƙanwata da matar maƙwabci, mu uku muka shiga jirgin ƙasa zuwa Legas.

Ta ji daɗin hanyar fiye da mu. Tana zaune a bakin taga tana yi wa gonakin mutane hukunci, wannan ya yi sharar gona da kyau, wancan rago ne. Sai da muka kai Jebba aka ce za a haye kogin Kwara. Da tarago ya hau gada, ƙarar ƙafafun ta canja, ta ja mayafi ta rufe fuska. Can sai na ga ido ɗaya ya leƙo. Ta kalli ruwan daga wannan gaɓa zuwa waccan, tana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa, har muka sauka a tudu.

"Shi ke nan tekun?" ta tambaya.

"A'a Mama, wannan ƙaninsa ne," na ce.

A Legas mun sauka a gidan wani abokin kwas ɗin maigida a kwatas ɗin reluwe na Ebute Metta. Shi ya raka mu ofishin tikiti, inda wani akawu mai fara'a ya ce mun taki sa'a, jiragen biyu duk suna tasha a makon. Ya ba mu takardar izinin shiga mu duba.

Farin muka fara hawa. Gaskiya hoto bai yi ƙarya ba. Matakala mai shimfiɗa, madubai ta ko'ina har Mama ta gai da kanta a ɗaya daga ciki, tebura da fararen zannuwa, cokula jere a gefen kowane faranti kamar sojoji. Maigida yana gaba yana nuna mana komai kamar shi ya gina. Sai ma'aikacin da ke zagayawa da mu ya dubi takardarmu ya ce ai wannan ɓangaren na masu babban tikiti ne, namu yana ƙasa. Muka bi shi muka yi ta sauka. Ɗakin da ya nuna mana tsaf yake, ba laifi, amma gadaje ne bisa da ƙasa, ba taga, fitila ce ke ci da rana tsaka. Ya kuma ce in jirgi ya cika, wani lokaci akan haɗa maza ɗaki ɗaya mata ɗaki ɗaya. Da muka hauro muka ga wata 'yar ƙofar ƙarfe a kan hanyar zuwa wurin iyo, da allo a jikinta. Maigida ya tsaya ya karanta allon, an rubuta masu babban tikiti kaɗai ke wucewa. Daga nan bai sake nuna mana wani abu ba.

Ɗayan yana can nesa, sai da muka ratsa tsakanin taragu da tarin buhuna. Baƙi ne, fentinsa ya ɓare a wurare, yana warin koko da man inji. Ƙugiya tana ta kai da kawo a samanmu, leburori suna ihu. Na ce a raina wannan ai kasuwa ce. Wani matashin hafsa ya karɓe mu ya haura da mu sama, bayan ɗakin matuƙi kaɗan, ya buɗe wata ƙofa. Gadaje biyu ne a ƙasa, da kabad, da wurin wanke fuska, da taga ta gaske mai buɗewa. Iska ta shigo ta ɗaga labule. Na je na tsaya a wurin, na ga bakin tasha, na ga kwalekwalen masunta, can gaba kuma inda ruwan ya haɗe da sama. Hafsan ya ce fasinja da hafsoshi tebur ɗaya suke ci, har da kyaftin in ba ya aiki. Ya kuma gaya mana gaskiya cewa ba makaɗa, ba wurin iyo, ba likita, kuma ranar tashi tana iya canjawa.

Da muka juyo ba mu ga Mama ba. Ga shi jirgin cike yake da ramuka da igiyoyi. Muka bi lungu-lungu muna kira. Can baya, a ƙofar kicin, muka iske ta zaune a kan kifaffen bokiti, da faranti a cinya, tana cin shinkafa da miyar kifi. Kukun jirgin yana tsaye a gabanta da ludayi a hannu suna hira. Mutumin Gana ne, ya girma a zango a Kumasi, yana jin Hausa irin tasu. Tata a karkace, tasa a karkace ta wani gefen, amma suna fahimtar juna sarai.

"Na tambaye shi," ta ce mana tana suɗe yatsa. "Tun yana saurayi yana cikin ruwa. Yana da yara bakwai, mamanshi yana da rai, kullum yana komawa gida. Kuma abincinshi yana da gishiri."

"To Mama, wanne kika zaɓa?" ɗanta ya tambaya.

"Ni zan shiga? Na gani, ƙarfe ne, ba kwalekwale ba. Ku shiga wanda kuke so."

Haka ta sauke nauyin ta bar mana.

Da la'asar mai masaukinmu ya kai mu bakin teku inda mutanen Legas ke zuwa shan iska. Mama ta zauna nesa a kan yashi ta ce daga nan ma tana gani. Ni da maigida muka cire takalma muka matsa har ruwa yana lasar ƙafafunmu. Na daɗe ina kallon yadda yake zuwa ya koma ba ya gajiya.

"Ke ƙaramin kike so," ya ce.

"Ina son tagar nan," na ce. "In za mu bar yara mu zo har nan, ba na so in kwana a ɗakin da ban san ko gari ya waye ba. Kuma ina so in sauka in taka ƙasar mutane, in shiga kasuwarsu."

"Farin ya fi lafiya. Yana da likita."

"Haka ne."

"Kuma in mun koma aka tambaye ni, in ce me? Na hau jirgin buhuna?"

Ya faɗa da murmushi, amma na san har zuci ne. Tun da ya dawo daga kwas yake ganin kansa a saman farin nan yana ɗaga hannu. Ban matsa masa ba. Na ce tafiyar tasa ce tun farko, duk wanda ya zaɓa zan bi shi da farin ciki, kuma ba daɗin baki na yi masa ba.

Da safe yana aske gemu a bakin famfo ya kira ni. Kumfa duk a fuskarsa ya ce, "Za mu ɗauki ƙaramin. Amma kwat ɗina sai na sa ta, ko da kuku kaɗai zai gani." Ranar muka koma ofis aka rubuta sunanmu a tafiyar watan Disamba, lokacin dogon hutun makaranta, ɗaki na tsakiya kamar yadda maƙwabci ya ce.

Sauran watannin shiri ne. Muka je Kaduna neman fasfo, aka ɗauke mu hoto, nawa ya fito kamar an tsorata ni. Aka yi mana allurar shawara da ta agana, hannuna ya kumbura har na kasa rubutu a allo. Labari ya bazu a gari. Wasu suka ce Ingila za mu ƙaura, wasu suka ce maigida ya samu aiki a jirgin ruwa. Matan zumunta suka zo gida suka yi mana addu'a da waƙa, daga nan kowacce ta ja ni gefe da saƙonta, wannan zanen Gana, waccan ɗan kunne, wata tsohuwa kuma ruwan teku take so a kwalba don ciwon ƙafa. Mama ta dawo gidanmu da zama don ta riƙe yara tare da ƙanwata. Ta daka mana yaji, ta ƙulla acca da daddawa, ta cika wani gwangwani da busasshiyar citta, don kukun ya gaya mata tana kwantar da tashin zuciya.

Abin da aka gargaɗe mu a kai shi ya fara samunmu. Muka isa Legas a kan lokaci, jirgi bai gama lodi ba. Kullum sai mu je a ce gobe. Maigida ya fara tsaki, rannan ma farin jirgin ya zo ya tashi a gabanmu a ranar da aka sa masa, ya kalle ni, na kalli gefe. Sai da muka kusa cinye mako sannan aka ce mu shigo da kaya.

Da muka fita daga bakin tasha jirgi ya fara ɗagawa yana saukewa, cikina ya juya. Yinin farko duk a kwance muka yi shi, kowa da cittarsa a baki, muna kallon juna muna dariyar wahala. Washegari na tashi garau, na buɗe taga, ba ƙasa ko ta ina. Na ga kifaye masu fiffike suna tashi daga ruwa suna gudu a iska, na kira shi ya zo ya gani, don in ni kaɗai na faɗa a gida ba za a yarda ba.

Abokan tafiyarmu ba su cika sha biyun ba. Akwai wasu sistoci biyu na Katolika masu komawa Gana, da wani tsohon Balarabe ɗan kasuwa, irin waɗanda muke kira Kwara, mai son dara, da wani malamin makaranta ɗan Saliyo da matarsa. Kafin kwana biyu mun zama kamar 'yan gida ɗaya. Matar malamin ta koya mini saƙar kwarashi, ni na nuna wa kuku yadda ake tuwon acca, ya yi wa tebur duka, kyaftin ya ƙara.

A Tema muka sauka muka hau mota zuwa Accra, na sayi zannuwan mutane. A Takoradi muka daɗe ana lodin gungumen katako, muna fita da safe mu dawo cin abincin rana kamar masu gida a garin. Maigida kuwa ya samu abin da ya fi makaɗa. Kowace tasha sai ya je ya tsaya kusa da akawunan lodi yana kallon yadda suke aiki, su yi ta hira da Turanci ko da hannu, ya dawo yana ba ni labari da murna kamar yaro. A Abidjan ba mu ji abin da kowa ke faɗa ba, muka sayi dogon burodi da nuni, muka zauna a wani lambu muka cinye.

Kirsimeti a Freetown ta same mu. Da asuba na leƙa na ga dutse ya taso daga ruwa, kore shar, gidaje manne a jikinsa, sai na ji kewar gida ta kama ni, don ya yi kama da dutsen Kagoro. Malamin da matarsa suka kai mu majami'arsu. Harshen daban ne amma muryar waƙoƙin ɗaya ce da tamu, sai muka bi su da Hausa, mutanen kusa suna juyowa suna murmushi. Da yamma aka yi babban abinci a jirgi. Maigida ya sa baƙar kwat ɗinsa cikin zafin nan, gumi yana bin wuyansa, ashe hafsoshi ma duk sun sa fararen kayansu. Kyaftin ya zaunar da shi a damansa ya roƙe shi ya sa albarka a abincin. Ya miƙe ya yi addu'ar da Turanci, da ya zo ƙarshe ya manta ya rufe da Hausa, kuku daga bakin ƙofa ya amsa da "Amin" mai ƙarfi.

Dakar ce iyakarmu. Iskar can da sanyi, matan garin dogaye masu manyan riguna, na tsaya a kasuwa ina kallonsu har maigida ya ja hannuna. Daga nan jirgi ya juyo. Dawowar ta fi sauri, kuma ta fi mini daɗi, don na daina ɗokin ganin abu na gaba. Sai in ɗauki kujera in zauna a inuwa da kwarashina, shi yana dara da tsohon Kwaran, yini ya wuce ba wanda ya kira ni in raba faɗa ko in duba tukunya. Tun da na yi aure ban taɓa zama haka ba. Mun makara, makaranta ta buɗe ba na nan, hedimasta ya ɗaure fuska na 'yan kwanaki, sannan ya sake da na ba shi hular Dakar.

Ba mu sake irin wannan tafiya ba. Ba a daɗe ba aka daina jigilar fasinja ta ruwa daga Legas, kowa ya koma jirgin sama. Wani lokaci in ana hira maigida yakan ce da ma ya hau farin ko sau ɗaya kafin a sayar da shi, in ce masa da ya hau da yana ƙasa ba taga, mu yi ta musu har shayi ya huce. Ba mu taɓa gama wannan musun ba.

Ranar da muka sauka a tashar Kafanchan, manyan yaran biyu suka rugo suka rungume mu suna laluben jaka. Autar tana goye a bayan kakarta. Na miƙa hannu, ta kalle ni, ta kalli baƙin da rana ta mai da ni, ta cusa fuska a wuyan Mama ta ƙi. Haka ta yini tana leƙena daga bayan ƙofa. Sai washegari ina zaune a tsakar gida ina rarraba zannuwan matan zumunta, na ji an dafa gwiwata. Ta hau cinyata, ta ɗauki ɗaya daga cikin zannuwan ta rufe kanta da shi.